Taki Tara

Ran Talata suka iso daga Tawa,
mota guda, mutum biyar da igiyar awo.
Maigari ya aiko ƙanensa, arɗo ya zo da ƙafarsa,
wani yaro riƙe da na'ura yana tambayar sama
inda burtali ya bi tun ba a haife shi ba.

Ni kuwa na san inda ya bi.
Shekarar da fari ya share garkuna
Ubana ya ci kunya huɗu, ya shuka wake.
Na gada, na ƙara biyar, ban ji kunya ba,
hanyar shanu ta zama siririya
kamar wuyan zaɓo.

Suka kafa turakun siminti, ja da fari,
cikin gerona da ya fara bunni.
Na auna da sawuna: taki tara.
Na dangwala yatsa a takarda, ban duba kowa ba,
na yi kwana uku tuwon Zali bai wuce mini ba.

Takardar ta ce abu biyu, na biyun ban ji shi ba ranar:
fakon nan na bayan dutse,
inda ko ƙaya ke ƙyamar tsirowa,
wanda na haƙa wa tassa da ɗan bayana rani uku,
nawa ne, da hatimi,
ba mai kuɗin Ƙonni da zai zagaye shi da waya.

Da kaka ta yi, aka yi shelar sakin gonaki,
sai ga Orji daga Abalak
da jajayen shanunsa masu ƙaho kamar addu'a.
Bara da sanda muka gaisa.
Bana ya tsaya bayan turke, ya yi sallama,
ya ce ko kara na da mai shi.

Dare goma sha ɗaya suka kwana a fakona.
Zali ta dama fura da nonon da ba ta saya ba,
ni na bi ramuka da kwando
ina zuba abin da shanu suka bari.

Har yau in na bi ta turakun
ƙafata na ƙirga tara da kanta.
Amma jiya na tona tassa ɗaya da yatsa,
gara ta shiga, ƙasa ta yi baƙi,
na shinshina, na kira Zali ta zo ta gani.