Digiri Tara

Shekara goma sha ɗaya ina nan, lungun Sabil, Jidda,
tsakanin mai gyaran fanka da Bayamale mai gasa burodi.
Hanta, ƙundu, wuyan kaza,
ɗanyar salwa don masu kiwon shaho,
sauran duk rabon kyanwa ne.
Ban taɓa sayar wa mutum abin da zai kai bakinsa ba,
shi ya sa nake barci har da munshari.

Ranar Talata, rana ta take,
sai ga ma'aikacin Baladiyya, an rubuta Mish'al a ƙirjinsa.
Yaro ne, gemunsa bai gama haɗuwa ba.
Na miƙa shayi, bai karɓa ba.
Ya sa safar hannu, ya buɗe firji,
ya soka wa hanta wani tsinke mai ido
kamar mai duba ko rogo ya dahu.

Tara, in ji tsinken.
Huɗu muke nema, in ji shi.

Na yi dariya. Na ce, ɗana, leƙa waje.
Ga su can kan bola, sun fi goma,
suna cin abin da ya kwana uku a rana.
Yaushe ka ji ciwon ciki ya kashe kyanwar Jidda?

Ya ce, Baba Yahuza, ba don kyanwa na zo ba.
Ta ci, ta lashe baki, ta lashi hannun yaro,
yaron ya gutsuri burodi.
Wannan katakon da kake sara a kai,
a nan ka yanka lemonka ɗazu?

Ga ɓawon a gefe, ko bushewa bai yi ba.

Abin da ban gaya masa ba:
watan jiya jikata Suwaiba ta kwana uku a asibiti,
ruwa na ɗiga cikin jijiyar da ba ta fi zare ba.
Muka ce askirim ne, muka ce kambun baka.
Ita ke wanke kwanon Dungu, kyanwar gida,
kwanon da nake cikawa da ragowar shago duk dare.
Na tsaya ina kallon tsinken
kamar zai faɗi sunanta.

Kilo talatin da ɗaya suka tafi cikin baƙar leda,
aka tuttula musu ruwan bilic.
Katin lafiyar Shofikul, yaron shago, ya mutu tun azumi,
shi ma aka rubuta.
Jar takarda a ƙofa, kwana bakwai.
Tara ta haifi tara,
na biya da kuɗin da na ajiye don haƙorina.

Ummu Nayif ta bugo waya, mai kyanwa bakwai:
to ni me zan ce musu?
Na ce, ki ce musu hukuma ce.
Sun ƙi cin na gwangwani, in ji ta, suna harararta.

Yanzu akwai sabon firji, bashinsa wata goma.
Katako biyu, ja na nama, fari na lemo,
wuƙa ba ta ƙetare iyaka.
Kan kowace leda na rubuta da hannuna,
Larabci a sama, Hausa a ƙasa:
na dabba ne, a wanke hannu.
Har yau haƙorin na yi mini zogi idan na sha ruwan sanyi.

Da la'asar Suwaiba kan biyo daga makaranta,
ta ɗaga duga-dugai, ta leƙa idon firji.
Uku, Kaka.
In rubuta uku a takardar bango, in sa kwanan wata.

Na bola kuwa suna nan, sun ƙaru da 'ya'ya huɗu.
Jiya na ga uwar da kan kifi, ƙudaje na binta.
Babu mai soka masa tsinke.