Sikelin Garwa

Kafin ladanin Yelwa ya gyara murya
na riga na goge rigar aiki,
gawayin dutsen guga bai ko huce ba.
Gambo mai babur na bakin lungu yana hamma.
Dala sittin zuwa filin jirgi,
in wata ya yi nisa, bashi.

Wata uku ke nan ina koyo.
Da na ce a gida na sami aikin jirgin sama
Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.
Ban gaya mata ba
sikeli aka ba ni,
da kujera mai gurguwar ƙafa,
da murmushin da Madam Asta ta ce
in maƙala shi kullum kamar ɗankunne.

Kilo ashirin da uku.
Na faɗa da Hausa, na faɗa da Fulatanci,
na faɗa da Faransancin da ke min tuntuɓe a harshe.

Jiya wata tsohuwa, Goggo Dudu,
ta ɗora jakar busasshen kifin Lagdo
za ta kai wa ɗanta Duwala.
Allura ta wuce da uku.
Ta ce, 'yar nan, sake dubawa,
abin da ya bushe ina ya ga nauyi?
Na sake. Uku dai.
Sai ta zuge jaka, ta zaro zannuwa huɗu
ta ɗaɗɗaura a jikinta, cikin zafin Garwa,
ta wuce tana gumi kamar tulu,
ko ƙaya ɗaya ba ta bari ba.
Na sunkuya ina neman biron da bai faɗi ba.

Babana shekara talatin yana awon auduga a Pitowa.
Yakan ce allurar sikeli ba ta da ɗan'uwa.
Yanzu idonsa ya yi hazo,
amma in ya ji rugugi bisa rufin kwano
sai ya ɗaga yatsa: wancan, Talatu ce ta auna shi.

Ban taɓa ganin Binuwai daga sama ba.
Masu dawowa sun ce siririya ce, kamar zaren lilo.

Da la'asar, da zaure ya watse,
mai shara ya juya baya,
na tuɓe takalmi na hau sikelin.
Hamsin da huɗu.
Na tsaya kaɗan a kai,
kamar kayan da ke jiran a liƙa masa sunan gari.