Jajibere a Shagon Ɗinki

Wuta ta ɗauke tun la'asar,
na koma kan keken ƙafa da Baba ya bari.
Shadda goma sha ɗaya a rataye,
kowace da bakin mai ita:
"Tsahiru, gobe fa Sallah."
Na sani. Allura ma ta sani.

Ragon maƙwabci na kuka a ƙofar gida,
nawa bai zo ba.
Jika ɗari da hamsin aka ce a kasuwa.
Na shafa ƙahonsa, na gai da dillali,
na dawo da igiyata a aljihu.

Ba ragon ne kaɗai ba.
Wani abu ke zaune a ƙirjina
kamar dutsen guga da ya huce,
ba zafi, sai nauyi.
Bara war haka Inna na bisa tabarma,
tana yanka albasa, tana faɗa
don na yi wa zanenta kalmasa a karkace.
Bana zanen na cikin akwati,
kalmasar na nan yadda na bar ta.

Kabu-kabu na wucewa da itacen gashi,
'yan mata na ɗingishi da ƙunshi a ƙafa.
In an ce, "Ina shirin Sallah?"
sai in ce, "Mun gode Allah,"
in sunkuya kamar zare ya tsinke.

Wajen sha biyu Labo mai shayi ya leƙo.
Bai tambaye ni kome ba.
Ya aje kofi, ya zauna kan buhun ƙyallaye,
ya ja riga yana sa mata maɓalli.
Can ya ce, "Kai ma?"
Na ce, "Ni ma."
Ashe Sallah uku ke nan tana yi masa haka,
tun da ƙanensa ya bi motar Agadas
bai ƙara kira ba.

Ya ce, "Hannu biyu gare ka, ba goma ba."
Na kira mutum uku, na faɗi gaskiya:
sai bayan Sallah.
Ɗaya ya zage ni har kakata,
biyu suka ce ba kome.
Sama ba ta faɗo ba.

Da ragowar atamfa na haɗa wa Balki 'yar riga,
hannu ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan goro.
Na yi barcin awa biyu, kaina bisa tebur.

Da hantsi hayaƙin gashi ya rufe Bagalam.
Balki na juyi a tsakar gida,
wai babu mai irin tata a Maraɗi duka.
Maƙwabci ya aiko da hanta a faranti,
na ci, na rage wa Labo.

Nauyin bai tafi ba.
Ya dai matsa kaɗan, kamar baƙo a benci,
ya ba ni wurin zama.