Buhun Yashi

Shekara talatin Baffa Tanimu na Garwa
yana ɗura yashin Binuwai a bututun tagulla,
ya toshe baki biyu, ya gasa, ya lanƙwasa a gwiwa.
Cikin begila goma, huɗu sai sun yi tamoji a kwana.
Ya ce rabon wuta ke nan,
ba a musu da wuta.

Ni na yi musun.
Ran da ya tafi ta'aziyya Fitowa
na narka dalma a gwangwanin tumatir,
na cika bututun, na bar ta ta kwana,
da asuba na ja shi jikin gungumen maɗaci,
sannu, kamar mai zare ƙaya a ƙafar yaro.
Kwanar ta fito sumul.
Na maida shi wuta, dalmar ta zubo kamar hawaye.

Baffa ya dawo, ko takalmi bai cire ba.
Ya bi kwanar da babban yatsa, sau uku.
Ya kira Saje Njidda na 'yan badujala.
Saje ya lashi leɓe, ya busa,
tantabarun kasuwar kifi suka tashi gaba ɗaya.

Ina jiran yabo. Abin da na samu:
"Dalma guba ce. Wanke da ruwan tsamiya sau bakwai,
numfashin ɗan wani zai bi ta nan."

Washegari na tarar da buhun yashinsa a ƙofa.
Ya ba maƙwabci
ya yaɓe katanga.