Launukan Marka

Agali ya tafi gida shuka tun ruwan fari,
ya bar min makullin ƙofa, da butar shayinsa, da kare.
Ya ce sunansa Barsu.
Na ce, su wa za a bari?
Ya yi dariya, ya gyara rawani, ya hau motar Damagaram.

Likita kuma ya ce, Malam Sabi'u, ƙafar nan
in ba ka taka ta ba, za ta zaunar da kai.
To ga ni, ga kare, ga Agusta.

Kwana tara rana ba ta leƙo Gyaɗi-Gyaɗi ba.
Gishiri ya jiƙe a gwangwani,
ashana ta ƙi kamawa,
ƙyauren ɗaki ya kumbura, sai an sa kafaɗa.
Wuta kuwa, da hadari ya taso ta gabas
an ɗauke.

Bayan asuba, in ruwa ya tsagaita ya koma yayyafi,
nakan ɗaura masa igiyar shanya,
in ɗau lemar da ƙarfenta biyu suka karye.
Shi ke gaba. Ni ke jan ƙafa
a kan bulon da yara suka jera cikin taɓo.
Ɗan'azumi mai shayi ya janye benci:
"Haba Alhaji, kai da kare?"
Na ce na gadi ne, amana ce.
Ya ce, "To amanar ta yi nesa da kofuna."
Barsu ya ci sunansa, ko waiwaye.
Kowane turken lantarki sai ya tsaya ya karanta,
kamar ni da jarida a da.
A bakin kududdufi kwaɗi na ta musu,
mai adaidaita ya watsa mana ruwan kwata,
ya ɗaga hannu, ya wuce.

In mun dawo, shi ya kwanta kan buhu a soro,
ni in wanke, in sake wando,
in buɗe gwangwanin da Bara'atu ta aiko daga Zariya:
fenti goma sha biyu, jere kamar alewa,
da burushi mai gashi kaɗan.

Shekara talatin da ɗaya ina ofishin safiyo
ina jan layin da ba ya karkata,
filin wane ya tsaya nan, na wane ya fara nan.
Yanzu hannu na rawa,
ruwa kuma bai san rula ba.
Na zana Dala, sama ta gangaro ta shige dutsen.
Na zana hasumiya, rufi ya ɗigo daidai kanta,
ta narke. Na bar ta haka.

Sai yanzu na lura, ashe bakinmu ya daɗe da sani:
ruwan toka, ruwan goro,
ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, ruwan ƙwai.
Launi ba ya zuwa da ƙafarsa,
sai ruwa ya goyo shi.

Sau goma sha ɗaya na zana Barsu.
Tasalla ta leƙo da kwanon koko,
ta ce, "Wannan akuyar wa ce?"
Na goma sha biyu ya ɗan yi kama,
kunnen hagu dai, wanda ya tsage.

Daren Laraba katangar Malam Iro ta zube,
Allah ya tsare, ba kowa a gindinta.
Da safe ta giɓin na hango bishiyar gwaiba,
shekara ashirin muna maƙwabta ban san da ita ba.
Koren da ke gwangwanina bai kai nata ba.
Na ƙara shuɗi, ya yi duhu.
Na ƙara ruwa, takarda ta huje.

Jiya Agali ya bugo waya,
gero ya fid da kai, bayan girbi yana tafe.
Na ce kada ya yi gaggawa.
Ya tambayi kare, na ce yana nan, ya yi ƙiba.
Ban gaya masa ƙafar ta fara jin magana ba,
ban gaya masa na saya masa ƙashi a mahauta ba.

Takardu na shanye a kan gado, sun ƙi bushewa.
Kwano ya fara ƙara, ƙwas, ƙwas.
A soro na ji ana jan igiya.