Matakala ta Sha Ɗaya

Ranar Asabar suka rataya kyalle a goshin benen,
jan rubutu, tsawon mutum biyu: tamliki.
Na tambayi mai gadi, ya ce,
"Haya ta ƙare, Malam Ɗanliti.
Gida-gida za a yanka a sayar,
kowa ya sayi rabonsa na sama."

Shekara sha tara ina hawa na uku a Bawadi.
Na san matakala ta sha ɗaya, mai guntulallen baki.
Na san kukan famfo in tanki ya kusa ƙafewa.
Tarin Hajiya Kilishi ta bayan bango
shi ke tashe ni kafin ladan.

Abu Mish'al, Allah ya jiƙansa,
in wata ya mutu ɗinki bai zo ba,
sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bukra."
Bukrarsa takan kai Ramadan.
Ɗansa kuwa da injiniya ya zo, da igiyar awo.
Suka auna ɗakin da aka haifi Tasalla,
suka auna taga, suka auna har makewayi.
Zanen fensir a jikin ƙofa,
inda nake auna tsayin yara kowace Sallah,
fenti ɗaya ya shanye shi.

Riyal dubu ɗari huɗu da tamanin.
Na lissafa shi da wuyan jallabiya,
na lissafa shi da maɓalli.
Allura ta yi dariya.
Ko jikana ba zai kai ƙarshen wannan ɗinki ba.

Ikhlas 'yar Kassala ta kwashe tukwanenta zuwa kudancin Jidda.
Ba Wazir mai gidan burodi ya sayi biyu, ya daina gaisuwa da ƙarfi.
Hajiya ta tafi da tarinta, ban san ina ba,
yanzu agogo ke tashe ni.

Zanen aro, an ce, ba ya rufe katara.
To, ni ya rufe ni shekara sha tara.

Jiya na koma karɓo wasiƙa.
Wani yaro dillali mai ƙamshin turare
ya ɗauke ni mai saye, ya ja ni sama.
"Dubi haske! Iskar teku tana shigowa da la'asar."
Na ce, ba ta shigowa sai bayan magariba.
Ya dube ni.

Sun sa lifta, sun shimfiɗa marmara,
sun gyara matakala ta sha ɗaya.
Da na zo sauka
ƙafata ta tsallake ta.