Taki Goma Sha Bakwai Daga Tsamiya

Shekara talatin da ɗaya nake gadin ƙofar nan,
gidan gwaje-gwajen gwamnati, bayan duwatsun Birni.
Ban san karatun masu farar riga ba,
kwalba ko ɗaya ban taɓa ɗauka ba.
Amma ni na riƙe shebur a daren.

Shekarar da fara ta ci gero, ta ci wake, ta koma kan zana,
aka kawo maganinta cikin ganguna.
Fara ta wuce, ganguna suka zauna,
suka yi tsatsa, suka fara gumi.
Darakta ya ce, "Manzo, nemo samari huɗu."
Jikka bibbiyu da sabulu guda.
Muka tura ƙasa, muka tattake,
muka wanke hannu, muka bi sahun asuba.

Na ɗauka ƙasa ba ta da baki.
Ashe ta rijiya take magana.

Rijiyar Tsahiru mai salati, bayan katangarmu,
ta soma warin tafarnuwa da kananzir.
Damina ta zo, kwaɗi ba su yi kuka ba.
Akuyarsa ta yi ɓari, ta sake yi.
A Damagaram fa!
Inda mace ke kwana a bakin famfo da jarka,
nan muka ɓata ɗan abin da Allah ya ɓoye mana ƙarƙashin dutse.

Bana suka zo da injin haƙa
da wata injiniya, Yagana, sa'ar autata.
Ta buɗe akwatin takardu, gara ta riga ta karantawa.
Darakta ya daɗe a makwancinsa.
Samarin nan, biyu hamada ta haɗiye,
ɗaya ya rasu, ɗaya ba ya gane ko ɗiyarsa.
Ta ce, "Baba, an ce kai ka daɗe a nan."
Na ce tsufa ya cinye mini tunani.
Na hura wutar shayi, na kalli gefe.

Kwana biyu ina kallonsu suna huda inda babu komai.
Rana ta uku na hangi jikan Tsahiru
ya kafa kai cikin guga yana sha.

Na ɗauki sandata.
Taki goma sha bakwai daga tsamiya, fuska ga gabas.
Na daki ƙasa. Na ce, nan.

Suka sa fararen kaya, likkafani mai tafiya,
hanci a rufe, hannu cikin roba.
Gangunan suka fito kamar ruɓaɓɓun ƙwarya,
ƙasar kewaye baƙa, mai maiƙo.
Sha biyu nake tunawa. Sha huɗu aka ƙirga.
Kowace ƙasa da buhunta, kowane buhu da lambarsa,
kamiyo ya kwashe zuwa inda ban sani ba.

Ruwan kuwa ba ya shiga buhu.
Suka kafa siraran bututu suna zuƙo shi,
suna bi da shi ta cikin gawayi,
gawayi, ɗan'uwan wanda nake dafa shayi da shi!
Duk wata kwalba guda ta tafi Yamai,
duk wata Yagana ta ce lambar ta ɗan sauka.
Na ce, "Har yaushe?"
Ta ce, "Shekara bakwai, ko goma. Ruwan ƙasa ba ya gaggawa."
Mu dare ɗaya ya ishe mu.

Ba ta rubuta sunana ba. Na duba idonta, ta sani.

Yanzu rijiyar Tsahiru na da murfin siminti da jan fenti,
salatinsa ya koma fangali uku.
Kullum kafin rana ta hau dutse
nakan sayi jarka biyu wajen ɗan garuwa,
in ajiye a bakin shingensa.
Yakan ce, "Manzo, an tashi lafiya?"
In ce, "Lafiya lau."
Bai taɓa tambayar dalili ba.
Ni ma har yau bakina bai kai can ba.